Wakiliyar Matattu

Na yi shirme da yawa a rayuwata, na roƙi Allah Ya mantar da ni, kuma Ya amsa. Wannan ɗaya dai Ya bar mini shi daram a zuciya, ko da ma na so in manta 'yan unguwarmu ba za su bari ba. Har gobe idan na shiga gidan suna ko na biki a Nuzla, unguwarmu a Jidda, sai wata ta ɗaga murya ta ce, "A ba da hanya, ga Wakiliya ta iso." Yanzu dariya nake yi tare da su. A lokacin kuwa, da ƙasa ta tsage da tuni na shige na ja ta na rufe.

Shekarata ashirin da biyu a lokacin, ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a unguwar Safa, inda ake auna jinin masu sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Kada ku ɗauka wani babban aiki ne. Ina zaune ne a teburin bakin ƙofa, in karɓi takarda, in miƙa wa mutum 'yar kwalba, in nuna masa banɗaki. Amma an ba ni farar riga, kuma idan na dawo unguwa da ita a ƙarƙashin abaya, tsofaffi sukan tare ni su nuna mini ƙwayar maganinsu su ce in duba. Ni kuma in juya kwalin, in gyaɗa kai, in ce a riƙa sha bayan abinci. Ban taɓa cewa ni likita ce ba. Ban kuma taɓa cewa ba ita ba ce.

Ɗaki ɗaya muke kwana da Kaka, mahaifiyar Baba. Ita ta sa mini suna Gaggawa, don ta ce ko haihuwata ban jira ungozoma ba. Tana da labari ɗaya da na ji har na haddace. Iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi shekaru a hanya, su yi noma a nan, su yi ƙodago a can, har aka haife ta a Sudan. Da suka kai gaɓar teku suna jiran jirgin ruwan da zai tsallako da su Jidda, zazzaɓi ya kama mahaifiyarta. Saura kwana uku a tashi ta rasu. Kaka ba ta wuce shekara biyar ko shida ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne uwarta na da wushirya, kanta na ƙanshin man shanu, kuma an jera fararen duwatsun teku a kan kabarin. Duk ranar da Baba ya kai mu shan iska bakin ruwa, mu muna cin balila muna hayaniya, ita tana zaune ta juya mana baya tana kallon yamma. Idan na ce me take kallo, sai ta ce, "Tana nan tsallake."

Sai kuma al'adarta ta gashi, wadda ita ce ta tona mini asiri. Kowace Juma'a da safe ni ke tsefe mata kai in yi mata kitso. Duk silin da ya maƙale a mataji, da wanda ya faɗa kan zaninta, sai ta tsince shi ɗaya bayan ɗaya, ta mulmula a tafin hannu, ta hau saman rufi da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta tona tukunyar da ta shuka rihan a ciki ta binne. Haka take yi da farce ma. Nakan ce, "Kaka, don Allah wa zai ɓata lokacinsa ya yi miki asiri da furfura? Me zai samu?" Sai ta ce, "Ke dai yi kitsonki. Abin da ya fita daga jikin mutum, mutum ne. Ba a barin sa a hannun kowa."

Wata ranar Lahadi ina kan teburina ina zazzaga wa ƙanwata masifa a waya da Hausa, don ta sa takalmina, sai na ga wata mata ta tsaya tana kallona. Za ta kai shekara arba'in, da tabarau, da jaka mai kyau. Na ajiye waya na miƙa mata kwalba kamar kowa. Ta yi dariya ta ce ba gwaji ta zo ba, wajen shugabanmu ta zo. Daga lafazin Larabcinta na gane 'yar Sudan ce. Ta ce, "Ke Bahaushiya ce?" Na ce e. Ta ce, "Daga cikin waɗanda kakanninsu suka zo a ƙafa?" Nan fa na gyara zama. A Jidda ba a cika yi mana wannan tambayar da murmushi ba.

Doktora, haka zan kira ta, tana koyarwa a wata jami'a a Turai, ta zo wani taro ne ta haɗa da Umra. Bayan na tashi aiki ta kai ni wani wurin shan gahawa ta yi mini bayani. Ta ce a tsallaken teku, daidai inda alhazan ƙasa kan jira jirgi a da, akwai tsohuwar maƙabarta da aka daɗe ana binne matafiya a cikinta. Ambaliya ta zo ta cinye gefe guda, ƙasusuwa suka fito fili, aka kwashe su a akwatuna aka ajiye a wani ɗaki. Ta ce yanzu ilimi ya kai a iya yin gwajin DNA a kan tsohon ƙashi, a gane daga wace ƙasa mai shi ya taso, da wa da wa yake da dangantaka. Sai dai masu ba da izinin bincike ba za su bar ta ta taɓa ba sai ta kawo takardar da ke nuna zuriyar mamatan sun amince.

Na ce, "To mutanen da ke zaune a wurin fa?"

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce akwai ƙauyen Hausawa kusa da maƙabartar, su ke kula da ita tun kaka da kakanni, amma wata bakwai ke nan dattawansu na zama suna tashi, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Shi ne ta yi tunanin ai a Jidda ma akwai zuriya.

Yanzu da nake rubuta wannan, na ga ramin ƙuru-ƙuru. A lokacin kuwa abin da na ce shi ne, "Haka tsofaffinmu suke, shawarar sayen akuya ma sai ta kai su shekara." Daga nan na kwashe labarin Kaka kaf na zuba mata, har da wushirya da fararen duwatsu. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma idan aka samu yawun Kaka aka gwada da na ƙasusuwan, zai yiwu a ce ga mahaifiyarta. Nawa ba zai yi daidai ba, na 'yar cikinta shi ya fi.

Wallahi a take na hango kaina na shigo gida da takarda a hannu, na durƙusa gaban Kaka na ce na samo miki uwarki. Na hango tana kuka tana sa mini albarka, 'yan Nuzla na cewa ai yarinyar nan dama likita ce. Ban ce babu son Kaka a cikin abin da na yi ba. Akwai. Amma idan aka ɗora shi a sikeli da son a yabe ni, ban san wanda zai rinjaya ba.

Ta fito da takarda shafi uku, Larabci da Turanci. Na karanta na farko, na leƙa na biyu, na ukun ko buɗe shi ban yi ba don gahawata na hucewa. Akwai wani layi da aka ce a rubuta matsayin mai sa hannu a cikin al'umma. Na ɗan ciji biro, sannan na rubuta da kyakkyawan rubutuna: wakiliyar Hausawan Jidda. Ni da ko a gidanmu ba a tambayata abin da za a dafa.

Da na koma gida na miƙa wa Kaka kwalba na ce ta tofa yawu, gwajin ciwon sukari za a yi mata kyauta a wajen aikinmu. Ta karɓa ta juya ta, ta dawo mini da ita.

"Gaggawa, shekara goma sha biyar ana huda mini yatsa saboda sukari. Yau kuma ya koma yawu? Ko sukarin ne ya yi ƙaura?"

"Sabon salo ne, Kaka."

"To a bar ni da tsohon."

Washegari na buga wa Doktora na ce tsohuwa ce, bakinta a bushe yake. Ta ce gashi ma zai yi, in dai ita ta yarda. "Ta yarda?" Na ce, "Ta yarda mana." Ba ta sake tambaya ba. Ba ta ce a ba ta ita a waya ba. Ni na yi ƙarya, wannan nawa ne. Amma ita ma ba ta so ta matsa ba, don kada ta ji abin da zai ɓata mata aiki.

Ranar Juma'a na zaunar da Kaka na tsefe mata kai. Ta tara gashinta a gefen tabarma, ta mulmula shi kamar kullum. Ana cikin haka sai Hajiyar bene ta yi sallama. Ita ce maƙwabciyarmu ta hawan sama, Bahaushiyar Sudan, ƙawar Kaka ta shekara arba'in. A makon nan sun ɗan haura a kan igiyar shanya ta saman rufi, shi ne ta sauko da kwanon kisra, gurasar 'yan Sudan, don a shirya. Kaka ta juya tana amsa gaisuwa, ni kuwa na sa yatsa biyu na ɗauke dunƙulen na cusa a hannun riga. Sauri dai na iya shi.

Bayan Hajiyar bene ta tafi, Kaka ta lalubi gefen tabarma. Ta ɗaga tabarma. Ta miƙe ta kakkaɓe zani. Ta sa na kashe fanka na share ɗakin kaf, ina sharewa gashin na sukata a damtse.

"Wa ya shigo ɗakin nan ban da ke da ita?"

Na ce iska ce ta ɗauke. Ta dube ni, ta dubi taga a rufe. Da yamma na ce zan je gidan ƙawata, na kai wa Doktora gashin a ambulan, na kuma sa hannu a madadin Kaka, na ce ba ta iya rubutu ba.

Kafin gari ya waye Kaka ta tashi da ciwon kai, daidai tsakiyar kai, inda aka tsefe. Ta ƙi karyawa. Ta sa aka mayar wa Hajiyar bene da kisrarta ba a taɓa ba, wanda a wajensu ya fi zagi. Baba ya kawo zamzam ya yi mata tofi, ya ce mata wannan zato ne kawai, ta ji tsoron Allah. Ta ce ita ba ta ambaci sunan kowa ba. Ba ta ambata ba ɗin, amma kafin azahar duk benen ya san wadda ba ta ambata ba.

Ni fa an san ni da baki. Na taɓa tsayar da direban bas na yi masa wankin babban bargo don ya wuce da wata tsohuwa. Amma kwana uku ina kallon Kaka na ramewa, ina kawo mata shayi tana kau da kai, bakin nan nawa ya mutu murus. Ina ta gaya wa kaina in sakamako ya fito duk za a manta. Ban ma tambayi Doktora wata nawa sakamakon zai ɗauka ba.

Ranar Litinin da hantsi, ban je aiki ba, Baba ma yana gida, sai ga Hajiyar bene ta sauko rungume da Alƙur'ani a cikin gafaka. Ba ta shiga ba, a bakin ƙofa ta tsaya ta dubi Kaka.

"Hajiya, ni na karɓi haihuwar autanki. Ni na kwana da ke a asibiti ranar da mijinki ya rasu. Yau saboda igiyar shanya zan ɗauki gashinki in kai wa boka? Ga Littafi, ki ce in dafa, in dafa."

Ta fara kwance gafakar. A nan ne dai abin ya fi ƙarfina. Na ce, "Hajiya, kar ki dafa. Ni na ɗauka."

Na fara bayani da sauri, ina haɗa Hausa da Larabci, ina ta nanata cewa alheri na nufa, za a samo kabarin mahaifiyar Kaka, za a san asalinmu. Na ɗauko kwafin takardar na miƙa wa Baba don ya ga abin na ilimi ne, ba wasa ba.

Kaka ta tashi zaune. Ban manta fuskarta ba. Na ɗauka fushi zan gani, amma abin da na gani ya fi fushi ciwo. Ta ce a hankali, "Ruwa ya tone su?" Na ce e. Can ta ce, "To ta yaya ake tambayar ƙashi ya faɗi 'yarsa?"

Ban sani ba. Ni mai farar riga, ban sani ba. Baba ne ya buɗe shafi na uku, ya sa tabaransa, ya karanta yana fassarawa. Za a huda ƙashin da ke bayan kunne, ko a cire haƙori, a niƙa ɗan yanki ya zama gari. Abin da aka niƙa ba ya dawowa. Za a yi wa duk wanda ke cikin akwatunan. Sauran garin za a ajiye shi a Turai don binciken gaba, sakamakon kuma, har da na Kaka, za a sa shi inda kowane mai bincike a duniya zai iya ɗauka ya yi aiki da shi.

Kaka ta kai hannu bayan kunnenta ta taɓa. Hajiyar bene ta yi salati. Baba ya ce ai ko yaro ya ji malamai na cewa karya ƙashin mamaci kamar karya na mai rai ne. Sai idonsa ya sauka a ƙasan shafi na biyu. Ya kawo takardar kusa da fuska, ya nisanta ta, ya sake kawowa.

"Wakiliyar Hausawan Jidda." Ya ɗago. "Yaushe aka yi naɗin ba a gayyace ni ba?"

Hajiyar bene, da hawaye a fuskarta, ta fashe da dariya. Wannan dariyar ta fi mini mari zafi.

Kaka ta ce, "Yaushe matar za ta tafi?" Na ce gobe da yamma. Ta ce, "Yalla, miƙo mini mayafi." Matar da ta kwana uku ba ta ci ba, sai da ta cinye rabin gurasa da ful, dafaffen wake, a tsaye kafin mu fita. Hajiyar bene ta ce ita ma ƙafarta ƙafarmu, tunda da sunanta aka yi cinikin.

Doktora na zaune a wani masauki a Aziziyya. Ta sauko ta same mu a ɗakin baƙi, ta ga tsofaffi biyu da Baba da ni a baya kamar akuyar da aka kamo a gonar mutane, nan take ta gane. Ta gaishe da Kaka da Larabci cikin ladabi. Kaka fa ta fi ni jin Larabci, shekara tamanin tana cikinsa. Amma sai ta amsa da Hausa, ta waiwayo ta ce, "Wakiliya, fassara mata."

Haka na tsaya a tsakiya ina fassara tonon asirina da bakina. Kaka ta ce gaya mata ban yarda ba, ban ma sani ba, sata aka yi. Na faɗa. Ta ce gaya mata yarinyar nan kwalbar fitsari take rabawa a wajen aikinta, ba ta wakiltar ko kyanwar gidanmu. Na ɗan sassauta, na ce ni ma'aikaciya ce ƙarama. Kaka ta ce, "Ba haka na ce ba." Na maimaita daidai.

Doktora ta ba da haƙuri, kuma na ga abin ya dame ta. Amma ba ta sallama nan take ba. Ta ce, "Ya Hajja, mutanen nan babu littafin da ya rubuta su. Sun yi tafiyar da ba kowa zai iya ba, sun mutu a hanya, duniya ta manta. Ni so nake jikokinku su san daga inda suka fito. Kuma in ban yi ba, wani zai zo ya yi, wanda ba zai ma tambayi kowa ba." Ina fassarawa ina jin maganar na shiga zuciyata, don gaskiya ce ta faɗa. Har yau ban ce ƙarya ta yi ba.

Kaka ta ce, "Waɗanda ke zaune kusa da su, masu share musu ciyawa, me suka ce?"

"Ba su gama shawara ba."

"To ba su ce e ba ke nan. Kika ga e ɗin ta yi wuya a can, kika tsallako teku kina neman mai araha. Kika kuwa samu." Ta nuna ni da haɓa. Wannan ma sai da na fassara.

Daga nan ta saki Hausar ta koma Larabci da kanta, muryarta ta sauka. Ta ce, "'Yata, kina tsammani ba na so? Tun ina 'yar ƙanƙanuwa nake kallon ruwan nan. Da za ki nuna mini ƙashi ɗaya ki ce wannan ce, da na rungume shi na mutu a wurin. Amma ita kaɗai ce a akwatin?"

Doktora ta ce a'a, da yawa ne.

"Kowannensu akwai wadda ya bari a bakin jirgi tana kuka, kamar ni. Wasu na nan, wasu na Sudan, wasu sun koma gida. Don ki nuna mini uwata, sai kin huda kan uwar kowa. Wannan ba nawa ba ne da zan bayar. Ko uwar tawa ma ba tawa ce ni kaɗai ba, tana da 'yan'uwa da suka tsaya a can suka hayayyafa. Ki koma ki zauna da su, ko shekara nawa za su yi. Idan suka ce e, ki dawo, zan cika miki kwalbar nan da yawu har ta zuba."

Doktora ta miƙe. Sannan ta hau sama ta dawo da ambulan da takardar. Kaka ta buɗe ambulan ta leƙa, ta ƙulle shi a bakin mayafi. Na miƙa hannu zan yaga takardar, ta buge mini hannu. Ta sa Doktora ta ja layi a kai ta rubuta an soke, ta ninke ta sa a jaka. Ta ce wannan ta tarihi ce. Daga ranar duk baƙuwar da ta zo gidanmu, kafin a kawo mata shayi an nuna mata takardar naɗina. Da haka sunan ya bi unguwa.

Da muka dawo, tare suka hau rufi da Hajiyar bene, suna riƙe da juna a matakala, suka binne gashin a tukunyar rihan. Ni aka ce in tsaya ƙasa. Sai da na yi wata guda ina wanke wa Hajiyar bene kwanuka kafin ta daina kirana ɓarauniyar furfura, kuma ban ga laifinta ba.

Na ɗauka shi ke nan. Sai kusan shekara guda bayan haka, saƙo ya shigo wayata daga Doktora. Ta rubuta cewa ta koma ta zauna da dattawan ƙauyen har sau huɗu, suka aika aka tambayi dangi na nesa, a ƙarshe suka ce a'a. Ta ce har yanzu tana ganin an yi asarar ilimi, amma ta mayar musu da akwatunan ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta haɗo da ɗan bidiyo. Wani tudu ne nesa da hanyar ruwa, mutane sun yi sahu, ga ƙananan ƙunshi-ƙunshi a farin ƙyalle an jera a ƙasa, ana ɗauka ɗaya bayan ɗaya ana sakawa a rami. Can baya na hango mata suna tahowa da fararen duwatsu a cikin kwanduna.

Kaka ta kalla sau uku. Ni kuwa, da yake hali zanen dutse ne, sai na ce, "Kin gani ko? Da kin bari, da yanzu mun san wacce ce a ciki."

Ta karɓi wayar, ta sa na tsayar da hoton inda ƙunshin suka fito sosai. Ta ɗora yatsa a kan na farko. "Wannan ce." Ta matsa kan na biyu. "Da wannan. Da wannan." Haka ta bi su har ƙarshen layi, tana yi wa kowanne addu'a, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Kaka ta rasu bayan shekara biyu. Ranar da muke kwashe kayanta na tarar da matajinta da sili huɗu ko biyar na furfura a jiki. Na tsaya da shi a hannu, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta ce ai har yanzu da lambar Doktora a wayata. Na mulmula su na hau rufi na tona tukunyar rihan.

Har yanzu ina da gaggawa, ba a canza mini hali ba. Har yanzu wani lokaci nakan so in san daga wane gari muka taso. Amma na koyi abu ɗaya, kuma da kunya na saye shi: abin da mutane da yawa suka haɗa, ba mutum ɗaya ke cewa e a kansa ba, komai kyawun niyyarsa, balle a ce masu abin na kwance ba su da bakin magana. Jinkirin da na raina a wajen dattawan nan, ashe shi ne aikin. Yanzu idan aka miƙo mini takarda, daga shafin ƙarshe nake fara karantawa. Idan kuma na ga inda aka ce a rubuta matsayi, sunana kawai nake sawa, don shi kaɗai aka ba ni.